Darasi: Marmarin Sanin Mai Ceto

Karatu: Luka 10:38-42, Filibiyawa 3:7-11

'Yan'uwa cikin Ubangiji, duk mutumin Dutsin-Ma ya san madatsar ruwa ta Zobe. An gama gina ta a 1983, amma aka yi shekaru masu yawa ruwa yana kwance a ciki, gonakin da aka yi ta dominsu kuwa suna bushe, domin ba a gama hanyoyin kai musu ruwan ba. Haka da yawa cikinmu muke da Yesu. An yi mana baftisma, ba ma fashin sujada, amma zuciya tana fama da ƙishi.

Mu ma'aikatan taimako abin ya fi kama mu. Yau rabon hatsi ga waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyuka, gobe gyaran rijiya a Kurfi, jibi rahoto. Dare na yi sai barci, addu'a ta zama ta minti biyu. Marta ma hidima take yi, hidimar kuwa domin Ubangiji ce, ba laifi ba ce. Amma yana cikin gidanta, ita kuwa tana wajen murhu. Maryamu ce ta zauna ta saurare shi, ita ya yaba.

Mu tuna da Isawa, almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Isa. Suka watse, ba fasto, ba majami'a, amma ba su daina marmarin sanin wannan Isa ba. A 1913 waɗansu samarinsu suka je wurin Dokta Miller a Zariya. Ba magani ko abinci ya kai su ba, labarin Almasihu suke nema. A lokacin ko cikakken Littafi Mai Tsarki babu da Hausa, sai a 1932 aka buga shi. Mu ga shi a ɗakunanmu, wani ma ƙura ta rufe nasa.

Bulus yana kurkuku, bayan shekaru yana wa'azi, ya rubuta wa Filibiyawa cewa har yanzu burinsa shi ne ya san Almasihu. Ashe wannan ƙishi ba alamar raunin bangaskiya ba ne.

A wannan mako, kowa ya keɓe minti 15 da asuba, ya karanta sura ɗaya daga Bisharar Yohanna, ya yi magana da Yesu ba tare da roƙon kome ba. A taron zumunta mai zuwa za mu tattauna: wace hidima ce take hana mu zama wurinsa?