Kafin mai ciwon suga ta shiga tiyatar ƙara girman mama

Lokacin da nake SIWES a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, wata mata ta zo da takarda daga likitan da zai yi mata tiyatar ƙara girman mama a Legas. Kwana uku ta yi ba tuwo ba shinkafa, ko shayi ba ta sa wa suga. Aka soki yatsarta, na'ura ta nuna lamba mai kyau, ta yi murmushi. Da ɗayan gwajin ya fito, wanda ake kira HbA1c, sai ga shi ya haura kashi 10. Ta dubi ogarmu ta ce, "Hajiya, don Allah ba yadda za a yi? Na riga na biya rabin kuɗin fa." Ogarmu ta ce sai dai a ɗage.

Wani zai ce me ya kawo wannan magana mujallar ɗalibai. To, duk mai leƙa Instagram ya san ana yi, wasu a Legas ko Abuja, masu hali har Turkiyya. Akwai kuma matan da aka cire wa mama saboda sankara, ake sake gina musu. Hukuncin abin na bar wa malamai. Ni dai jini na karanta, kuma darasin ya shafi duk tiyatar da ake sa wa rana, ko ta gwaiwa ce ko ta yanar ido.

Gwajin yatsa sugan wannan lokacin kawai yake nunawa. HbA1c kuwa daban yake. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, kuma suga yana manne musu gwargwadon yawansa a jini. Don haka gwajin yana ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ƙauracewa tuwo na kwana uku ba zai goge shi ba. Daga kashi 6.5 ake cewa mutum yana da ciwon suga. A Birtaniya ana so ya kasance ƙasa da 8.5 kafin tiyatar da ba ta gaggawa ba, ƙungiyar ciwon suga ta Amurka kuma ta ce ƙasa da 8. Likitan kwalliya yana iya neman ƙasa da haka ma, kuma a ganina yana da gaskiya, tunda ba ceton rai za a yi ba. Amma mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wadda aka ƙara wa jini kwanan nan, ta faɗa tun farko, don wannan gwajin yana iya ba da lambar da ba daidai ba a jikinta.

Me ya sa ake tsanantawa? Idan suga ya yi yawa, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta sai su yi sanyi, ƙananan jijiyoyin da ke kai jini wurin ɗinki ba sa aiki sosai, ciwo ya daɗe bai haɗe ba. A wannan tiyata akwai ƙarin matsala: jakar silikon da ake sakawa baƙuwa ce a jiki, jini ba ya ratsa ta. Idan ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama a bayanta, sai su lulluɓe kansu da wata yana da magani ke wahalar ketawa. Sau da yawa mafita ita ce a sake buɗewa a ciro jakar, a jira watanni. Kin ga kuɗi sun tafi, ga tabo, ga tiyata ta biyu.

Maganar magunguna ita ce inda mutane suka fi kuskure, kuma a nan likita ne mai yanke hukunci, ba ƙawa ba, ba mai kemis ba. Glibenclamide da 'yan uwansa ba a sha da safen tiyata, saboda mutum bai ci komai ba, suga zai iya faɗuwa. Metformin ma galibi ana tsallake shi ko a rage a ranar. Su empagliflozin da dapagliflozin ana daina su kwana 3 kafin aiki, don suna iya sa jini ya yi tsami ko da suga bai hau ba. Allurar insulin mai dogon aiki ragewa ake yi kaɗan, ba a yanke ta, musamman ga mai nau'i na ɗaya. Mai yin allurar Ozempic ta gaya wa likitan sa barci, don tana sa abinci ya daɗe a ciki.

Sai abin da ba a son faɗa. Wasu 'yan mata suna shan ƙwayoyin ƙiba, irin su sha-ka-fashe, kuma dexamethasone yana cikin waɗanda ake amfani da su. Wannan ƙwaya tana ɗaga suga sosai, tana kuma jinkirta warkewar ciwo, sannan wadda ta daɗe tana sha ba a so ta yanke ta lokaci guda. Ki faɗa. Haka jiƙo da tsimi da shisha, duk a faɗa.

Ranar aiki ana so a sa mai ciwon suga a sahun farko da safe, don kada yunwa ta yi tsawo. Abinci ana barinsa awa 6 kafin a shiga, ruwa zalla awa 2. Ana ƙoƙarin riƙe suga tsakanin 6 da 10, wato wajen 110 zuwa 180 a na'urorin da ke nuna manyan lambobi (a raba da 18 a samu ƙaramar). Ƙasa da 4 haɗari ne, kuma wadda take barci ba za ta ce tana jin jiri ko karkarwa ba, shi ya sa ake ta maimaita gwaji. Bayan an fito ma suga yakan hau na 'yan kwanaki, saboda jiki yana ɗaukar yanka a matsayin tashin hankali. Zazzaɓi, ja, zafi ko ruwa daga wurin ɗinki, a koma asibiti a ranar. Wadda za ta yi a Turkiyya ta san tun kafin ta hau jirgi wane likita zai duba ta idan ta dawo.

Ita dai waccan matar, ogarmu ta tura ta wurin likitan suga, ta rubuta mata ranar da za ta dawo a maimaita gwajin bayan wata uku. Na gama SIWES kafin ranar ta zo.