Yadda Ake Sassaƙa Allo

Ƙofar Kaura tana ɗaya daga cikin ƙofofin birnin Katsina, ta nan ne hanyar Kano ta fita. Kaura kuwa sarauta ce ta yaƙi a ƙasar Katsina tun zamanin da. Yanzu birni ya ƙetare ganuwa, har unguwar da ke wajen ma da sunan ƙofar ake kiranta. Yaron da ke zaune a wannan unguwa, in ya duba cikin gidansu, zai ga turmi da taɓarya, da muciya, da 'yar kujerar da uwarsa take zama a kai, da allon da yake zuwa makaranta da shi. Duk waɗannan da itace aka yi su, watau icce, yadda Katsinawa suke faɗa.

Masu aikin itace iri biyu ne. Akwai masassaƙi, akwai kafinta. Masassaƙi yakan ɗauki gungume guda ya yi ta sara har abin da yake so ya fito, ba ƙusa, ba haɗi. Kafinta kuwa katako yake aunawa, ya yanka da zarto, ya haɗa da ƙusa. Sassaƙa ita muka gada kaka da kakanni. Sunan kafinta ma daga Turanci muka are shi.

Farkon abin da masassaƙi yake koya shi ne sanin itace, gama kowane itace da aikinsa. Ƙirya tana da nauyi da tauri, don haka da ita ake turmi da taɓarya. Giginya gara ba ta cika cinta ba, shi ya sa ake rufin soro da azararta. Aduwa kuwa ita ce ta allo. Itacenta mai haske ne, yana da ƙarfi, yana kuma yin santsi in an goge shi. Tawada tana fita sosai a kansa, ga shi yana jure wanki yau da gobe.

To, bari mu ga yadda yaro zai yi wa kansa allo a gida. Ba ya bukatar rumfa ko injin. Inuwar zaure ta isa. Kayan aikin su ne gatari, da gizago, da wuƙa, da dutsen wasa wuƙa, da gawayi, da takardar goge katako da ake kira sanfefa. Gizago ɗan'uwan gatari ne, sai dai bakinsa a gicciye yake kamar na fartanya.

Da fari a sami guntun aduwa wanda ya bushe sarai. Kun san abin da ya sa ba a yi da ɗanye? Ɗanyen itace cike yake da ruwa. Sa'ad da ruwan yake fita, itacen yakan tsuke. In bayansa ya riga cikinsa bushewa, sai ya tsage ko ya karkace. Saboda haka a inuwa ake ajiye shi, ya bushe sannu a hankali. Wanda ya shanya shi a rana don gaggawa ya yi hasarar itacensa.

Faskarawa da gatari aikin babba ne. Sai yaro ya roƙi ubansa ko wansa ya fasa masa falle guda. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya, faɗinsa taƙi ɗaya, kaurinsa kuwa ya ɗan fi yatsa, don za a rage shi wajen sassaƙa. Sa'an nan yaro ya ɗauki gawayi ya zana siffar allo a kai: ga mariƙi a sama, ga kafaɗu biyu, ga gindi. In zane bai yi daidai ba sai ya share ya sake. Gawayi yana sharuwa, amma abin da gizago ya sare ba ya komawa.

Daga nan sai sassaƙa. Itace yana da jijiyoyi da suka miƙe daga gindi zuwa sama. In ka bi su, ɓawon sassaƙa yakan tashi siriri, fuskar allo ta yi sumul. In ka sare su a gicciye da ƙarfi, sai itacen ya ɓalle inda ba ka so. Ka riƙa ɗiba kaɗan kaɗan, kana juya allon, kana dubawa. In ka zo wuyan mariƙi, ajiye gizago ka ɗauki wuƙa, gama nan ne allo ya fi saurin karyewa. Ƙarshe ka goge fuska biyun da sanfefa, kana bin jijiyar, har ka shafa ka ji ba ƙaiƙayi. Ka wanke shi, ka jingine a inuwa ya sha iska.

Akwai dokoki huɗu da ba a ƙetarewa. Kada ka sa ƙafarka ko hannunka a gaban gizago. In kana fiƙa da wuƙa, bakinta ya fuskanci waje, kada ya fuskance ka. Kada ka yi aiki da dakusasshen ƙarfe, don shi ne yake zamewa ya sari mai shi. In ka gama, ka ajiye kayan inda ƙannenka ba za su kai ba.

Saura magana guda. Allo aikin 'yan kwanaki ne, amma aduwar da aka yi shi da ita ta shekara da yawa tana girma. Itatuwa sun ragu ƙwarai a ƙasar Katsina saboda sara da fari, hamada kuwa tana matsowa daga arewa. A shekarar 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin dasa itatuwa tun daga Senegal har Jibuti, Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Don haka kada yaro ya sare ɗanyen itace saboda allo. Ya nemi busasshe, da izinin mai gona. In ya sha aduwa, ya binne ƙwallon da damina, ya killace tsiron da ƙaya don kada awaki su cinye. In ba mu yi haka ba, wata rana za a sami gizago a rasa abin sassaƙawa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin masassaƙi da kafinta?
2. Don me ake yin allo da aduwa?
3. Me yake sa ɗanyen itace ya tsage?
4. Faɗi dokoki huɗu na aiki da gizago da wuƙa.
5. Rubuta sunayen abubuwa biyar na itace da ke gidanku, ka tambayi manya da wane itace aka yi kowanne.