Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Zama Ɗan Sa Kai Mai Lura da Tsuntsaye

Kowane manomi ya san damina ta kusa idan ya ga shamuwa ta sauka a gari. Masunci ya san inda zalɓe yake tsayawa, makiyayi kuma ya san halin balbela. Wannan duk ilmi ne, amma a ka yake zaune, ba a takarda ba. Wanda ya iya karatu da rubutu yana iya mai da shi abin da zai amfani garinsu. Irin wannan mutum shi ake kira ɗan sa kai mai lura da halittu. Ba albashi ake biyansa ba, horo ake ba shi, shi kuma ya ba da lokacinsa.

Me ya sa ake bukatarsa?

Mu ɗauki misalin fadamar Haɗeja da Nguru. A nan ne ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are yake malala kafin ya bi kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Jama'a suna noman shinkafa, suna su, suna kiwo. Da kaka kuma dubban tsuntsaye suna zuwa daga Turai, su ƙetaro hamada, su zauna har wajen watan Maris ko Afrilu. Saboda muhimmancin wurin, a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya da ake kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. Ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓuyar jan baki masu cinye hatsi. Idan ruwa ya ragu ko ya ɓaci, tsuntsayen ruwa su ma suna raguwa. Don haka ƙidayarsu takan nuna lafiyar fadamar da mutane ke ci daga cikinta.

Ga kuma ungulu. A da ba a rasa ta a mayanka, yau sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba a garuruwa da yawa. A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma kama ta da ake yi don sayar wa masu magani. In babu ungulu, mushe zai daɗe a fili yana jawo karnuka da ƙudaje. Masana ba su da yawan da za su zauna a kowane ƙauye. Mutumin gari ne kaɗai ke ganin abin da ke faruwa kullum.

Ina ake samun horo?

Gidauniyar kiyaye muhalli ta Nijeriya, wato NCF, wadda aka kafa a 1980, tana aiki da ƙungiyoyin 'yan sa kai na ƙauyuka a wurare irin su wannan fadama. Akwai kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos. A 2015 ta fara shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda 'yan sa kai ne ke tattara masa bayanai. Mai sha'awa ya fara tambaya a ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarsa, ko wajen ma'aikatan da ke kula da fadama.

Me ake koya?

1. Gane tsuntsu. A dubi girmansa, da launinsa, da siffar baki da ƙafa, a saurari kukansa. Dinya babba ce, baƙa da fari. Kirinjijiya ƙarama ce, mai farar fuska, tana fito idan ta tashi. A fara da sunan Hausa, daga baya a nemi sunansa a littafin hotuna.

2. Rubutu. A samu ƙaramin littafi da fensir. Kowace fita a rubuta kwanan wata, da sunan wuri, da lokaci, da yanayin gari. Abin da ido ya gani ko kunne ya ji shi kaɗai ake rubutawa. Ba a rubuta zato.

3. Ƙidaya. Idan garke babba ne, a ƙirga goma, a lura da faɗin da suka ci, sannan a auna sauran goma-goma. Kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu. A watan Janairun kowace shekara ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, tun daga 1967.

4. Zagayen yanki. A shirin taswira an raba ƙasa gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi. Ɗan sa kai yana yin aƙalla awa 2 yana zagayawa, ya bi gona da fadama da cikin gari, ya jera tsuntsayen da ya gani. Masu babbar waya suna aikawa ta manhajar BirdLasser.

5. Ladabin daji. A fita da sassafe, a yi shiru, kada a taɓa sheƙa ko ƙwai, kada a shiga gonar wani sai da izininsa. In an tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, a kwafi lambar a kai wa ma'aikata, domin ita ke nuna ƙasar da ya fito.

Bayan horo, ɗan sa kai ya sanar da mai gari aikin da yake yi, ya kuma koya wa yara da 'yan ajinsu. Mata ma suna iya wannan aiki, ko daga tsakar gida da hanyar rijiya.

Tambayoyi

1. Kawo dalili biyu da suka sa ungulu take raguwa.
2. Waɗanne abubuwa huɗu ake rubutawa a kowace fita?
3. Yaya ake ƙirga babban garke?

Aikin gida

Rubuta sunayen tsuntsaye 10 da ka gani a garinku cikin wannan mako. Sannan ka tambayi wani dattijo waɗanda ake gani a da amma yanzu ba a ganinsu. Ka kawo jerin biyu aji a karanta tare.