Yadda ake ɗaukar hoton PET

Likita kan tura mai ciwon daji a ɗauke shi hoton PET ne idan yana son sanin inda cutar ta kai a jiki, ko kuma yana son ganin ko maganin da ake ba shi yana cin ta. Hoton CT yana nuna siffar gaɓa, girman ƙari da wurin da ya zauna. Shi kuwa PET aikin ƙwayoyin jiki yake nunawa, musamman yadda suke cin sukari. Tun a shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin daji suna da haɗamar sukari fiye da lafiyayyu, kuma a kan wannan haɗamar aka gina aikin gaba ɗaya.

Tun majinyaci yana barci ake soma aiki, a wani ɗaki mai kaurin bango inda aka girke na'urar da ake kira saikulotiron. Ernest Lawrence ne ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 1930, domin masu binciken cikin ƙwayar zarra, ta kuma ba shi kyautar Nobel a 1939. A cikinta babban maganaɗisu yana sa ƙwayoyin firoton su riƙa zagaye, lantarki kuma yana ƙara musu gudu a kowane zagaye, da'irar tana faɗaɗa, har su kai bakin na'urar a harba su cikin ɗan ruwa kaɗan. Ruwan na musamman ne, an cika shi da nau'in iskar oksijin mai nauyi, oksijin-18. Idan firoton ya kutsa cikin cibiyar zarrar, sai ya fitar da niyutiron ɗaya, oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama fulorin-18.

Daga wannan lokacin an shiga tsere da agogo. Fulorin-18 ba ya zama: kowane minti 110 rabinsa ya tafi. Saboda haka cikin gaggawa ake tura shi ta siririn bututu zuwa wani akwati mai bangon darma, inda na'ura ke liƙa shi a jikin ƙwayar sukari ba tare da hannun mutum ya taɓa ba. Abin da ya fito shi ake kira FDG. A cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka aka fara haɗa shi, aka kuma fara yi wa mutum allurarsa a Jami'ar Pennsylvania a 1976. Sai a gwada tsabtarsa, a zuba a kwalba, a sa cikin tulun darma, a ruga da shi.

Shi ma majinyaci yana da nasa shirin, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Zai yi kamar awa shida bai ci komai ba sai ruwa zalla. Ba shayi, ba kunu, ko alewa ba a yarda ba. Jajibirin ranar ba zai yi aikin ƙarfi ba. Dalili shi ne idan jini ya cika da sukarin abinci, ƙwayoyin daji sun ƙoshi, ba za su kula da wanda aka yi wa alama ba, hoto ya fito dishi-dishi. Mai ciwon sukari lallai ya faɗa tun ranar da aka ba shi lokaci, don a tsara masa yadda zai yi da maganinsa. Mace mai ciki ko mai shayarwa ita ma ta faɗa.

Da ya iso za a soki yatsarsa a auna sukari, sannan a yi masa allurar FDG ta jijiya. Sai a kai shi ɗaki mai ɗumi ya kwanta kimanin awa ɗaya. Ba hira, ba taune-taune, ba latsa waya, domin duk tsokar da ta motsa za ta ja sukarin, ta haska a hoto kamar cuta. Sanyi ma yana ɓata aiki, don akwai wani kitse a wuya da kafaɗa da ke ƙona sukari idan jiki ya ji ɗari. A cikin wannan awar ƙwayoyin jiki suna haɗiye FDG a zaton sukari ne, amma sun kasa narkar da shi, sai ya maƙale a ciki. Wadda ta fi haɗama ita ta fi tara shi. Kafin majinyaci ya hau gadon na'urar hoton zai je ya yi fitsari.

Gadon zai shige da shi cikin wani babban zobe. Za a fara da CT, wanda ba ya ɗaukar lokaci, sannan PET na minti ashirin zuwa talatin, yana kwance ko motsi babu.

Abin da ke faruwa a jikinsa a wannan lokacin shi ne ya fi ba ni mamaki. Kowace zarrar fulorin-18 da ta rushe tana fitar da ƙwayar da ake kira fozitiron, kishiyar ilektiron: nauyinsu ɗaya, cajin lantarkinsu ne ya saɓa. Lissafin da Paul Dirac ya fitar a Kambirij a 1928 ne ya fara nuna akwai ta, kafin kowa ya gan ta, sai Carl Anderson ya kama sawunta a 1932 a Kalifoniya yana nazarin hasken da ke zubowa daga sararin samaniya. A jikin mutum fozitiron ba ya wuce tafiyar kimanin milimita ɗaya kafin ya gamu da ilektiron. Suna haɗuwa dukansu biyu su ɓace, nauyinsu ya koma haske biyu na gama masu ƙarfi iri ɗaya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma a kan miƙaƙƙen layi.

Zoben nan an jera masa dubban ƙananan duwatsu masu kama da gilashi, waɗanda ke walƙiya idan hasken gama ya buge su. Idan biyu da ke fuskantar juna suka yi walƙiya tare, tsakaninsu bai wuce 'yan kaso cikin biliyan na daƙiƙa ba, kwamfuta ta san abin ya faru a kan layin da ya haɗa su. Layi ɗaya ba ya faɗin komai, amma miliyoyi ake tarawa. Kamar ka yi ta ɗaura zare a fuskar rariya daga gefe zuwa gefe ne: inda zaruruwan suka fi gittawa, nan zai fi kauri. Irin waɗannan duwatsu da na'urorin ƙirga haske daga ɗakunan binciken zarra suka fito. David Townsend, wanda ya yi aiki a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba, shi da injiniya Ronald Nutt suka haɗa PET da CT a na'ura ɗaya, aka fara amfani da ita a Pittsburgh a 1998.

Karanta hoton sai gwani. Ƙwaƙwalwa kullum tana haskawa don sukari ne abincinta, haka ƙoda da mafitsara, sau da yawa har da zuciya. Sabon rauni da ƙurji da tarin fuka su ma suna haskawa, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai tunda tarin fuka ya yi yawa a ƙasashenmu. Wanda ya taɓa yin sa, ko aka yi masa tiyata kwanan nan, ya gaya wa likita. Haske a hoto bai tabbatar da daji ba sai an ɗebi tsoka an duba. Bayan an gama, majinyaci ya sha ruwa da yawa, ya ɗan nisanci jarirai da masu ciki na wasu awoyi; washegari kusan babu abin da ya rage.

Minti 110 ɗin nan shi ya sa hoton ke da tsada da wuyar samu, har mutanenmu ke tafiya Masar ko Indiya nemansa. Allurar da aka haɗa a Legas, in aka biyo da ita ta mota zuwa Kano, tafiyar da ta haura awa goma sha biyu, abin da zai iso bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Don haka duk gwamnati ko attajirin da ya yi niyyar kawo wannan na'ura Arewa, ya sa saikulotiron da tsayayyiyar wutar lantarki da horar da masu ilimin fiziks da haɗa magunguna a cikin kasafinsa tun ranar farko.