Nasiha ga Mai Nufin Sayen Tsohon Gida a Japan

Ya kai ɗan'uwa da ka baro Tambuwal ko Kebbe ka sauka Tokyo ko Osaka neman ilmi ko halali, lalle ne ka sani cewa, ko da yake dokar Japan ta halatta wa baƙo mallakar gida kamar ɗan ƙasa, mallakar ba ta ba shi iznin zama, kuma sashen da zai saya cikin dogon bene, wanda suke kira manshon, tarayya ce da maƙwabta a kan fili da rufi da matakala, mai haƙƙoƙin da ba su ƙarewa ranar ciniki.

Farkon abin tambaya shi ne lokacin da aka ba da iznin ginin, domin a watan Yuni na 1981 aka tsananta ƙa'idar gini saboda girgizar ƙasa, kuma sa'ad da ta auka wa Kobe a 1995, gine-ginen da suka riga wannan ƙa'ida su suka fi rushewa.

Na biyu, kamar yadda mai gidan ƙasa a Tambuwal ba ya yarda damina ta riske shi bai yi yaɓe ba, haka jama'ar bene suke tara kuɗi duk wata, ban da ladan masu kula da gida, domin babban gyaran da akan yi bayan shekara 12 zuwa 15. Sai ka nemi lissafin asusun nan ka duba, gama in ya gaza za a ɗora muku ƙari, in kuwa mai sayarwa ya bar bashin wata-wata, shari'arsu ta ce mai saye ne zai gaje shi.

Na uku, kada araha ta ruɗe ka, alhali ƙidayar 2023 ta sami gidaje wajen miliyan 9 babu kowa ciki, har a garin Yuzawa akan sayar da sashe da kuɗi ƙalilan don gudun ɗawainiyarsa. In kuwa haya kake nufin ba da gidan, ka sani mai haya kusa da tashar jirgin ƙasa yake nema.

Ka lissafa la'adar dillali, kashi 3 cikin ɗari da ƙarin yen 60,000, da harajin shekara, kashi 1.4 cikin ɗari na ƙimar da hukuma ta yanka. Rancen banki kuwa yana da kuɗin ruwa, sai ka nemi fatawar malamai tukuna. Kada ka sa hannu sai amintaccen tafinta ya karanta maka takardar bayanin gidan daga farko har ƙarshe.