Alƙaluman Hasken Rana: Wanne Mai Haɗa Sola a Zariya Zai Dogara da Shi?

Kafin ka yanke yawan farantan sola da gida ke buƙata, sai ka san ƙarfin ranar da ke sauka a unguwar. Shafuka uku ne ke bayar da wannan kyauta daga hotunan tauraron ɗan'adam: NASA POWER na Amurka, PVGIS na Tarayyar Turai, da Global Solar Atlas na Bankin Duniya. Shigar da Samaru a kowanne, za ka ga amsar ba ta zo ɗaya ba.

Dalili na farko shi ne faɗin wurin da kowanne ke aunawa. NASA tana yanka duniya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 110 ta kowane ɓangare, don haka Samaru da Sabon Gari da Funtua duk lamba guda suke samu. PVGIS kuwa, mai amfani da hotunan Meteosat, gidansa kusan kilomita 5 ne.

Amma babbar matsalarmu ƙura ce. Tauraro yana ganin girgije sarai, sai dai hazon hunturu da iska ke kwasowa daga Bodele a Chadi, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba ya bayyana a hoto kamar girgije. Ƙiyasinsa ake yi da kwamfuta. Bayanan Meteosat da ke cikin PVGIS suna ɗaukar matsakaicin ƙurar kowane wata ne, ke nan ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango bakin titi, lissafin zai nuna rana fiye da wadda ta iso ƙasa. Solargis, masu ciyar da Global Solar Atlas, suna sa ƙurar kowace rana, shi ya sa na fi natsuwa da su a hunturu. Ƙurar da ke kwanciya a kan farantin kanta, babu tauraron da ke ƙirga ta.

Ga yadda abin ke taɓa aljihu. Gida mai cin 3kWh a rana, in an lissafa da awa 6 na cikakkiyar rana, 500W zai buƙata. In awa 5 ne, 600W, tun kafin a ƙara asarar waya da batir. Don haka kada ka yi aiki da matsakaicin shekara. Buɗe shafukan uku, duba Agusta lokacin marka da kuma Janairu, ka ɗauki lambar da ta fi ƙanƙanta.