Darasi na 14: Gida a Kan Gangare

Yau za mu karanta labarin wani irin gini da a ke yi a Amurka da Kanada.

A can sanyin hunturu ya kan sa ƙasa ta daskare. Ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara ya kan kumbura, ya ɗaga harsashin gini, bango ya tsage. Saboda haka magina su kan haƙa har su wuce inda sanyi ke kaiwa. A arewacin jihar Minesota sai an haƙa ƙafa 5. To, tun da an riga an haƙa, sai su ƙara kaɗan su mai da ramin ɗaki. Amma ɗakin rami akwai duhu da danshi.

In fili gangare ne, abin ya fi daɗi. Sai a yanki gefen tudun. Bangon baya ya shige cikin ƙasa, na gaba kuwa yana fili, da ƙofa da tagogi. Mai shigowa ta tudu ya ga gida na ƙasa. In ya zagayo ta gangare sai ya ga bene. Mai kwana a ɗakin ya buɗe ƙofa ya fita tsakar gida, ba hawa ba sauka. Ko gobara ta tashi a sama, yana da mafita.

Amma fa ruwa shi ne abokin gāba. Duk ruwan da ya sauko daga tudu a bayan bangon nan ya ke taruwa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai, tana tura bango dare da rana. Don haka da siminti da ƙarfe a ke gina shi, a shafe bayansa da kwalta. Sa'an nan a zuba tsakuwa, a shimfiɗa bututu mai huda-huda a gindinsa, ya kwashe ruwan ya zubar can ƙasa.

Mu nan ba mu da ƙanƙara a ƙasa, amma muna da damina. Kada wani ya ji wannan ya jingina bangon tuɓali da tudu. Kafin watan Agusta ya fita zai jiƙe ya zube, watakila a kan yara suna barci. Wanda filinsa ke gangare ya bar tazara tsakanin bango da tudu, ya haƙa lambatu ta sama, ya karkata shi gefe, amma ba wajen katangar maƙwabci ba.

In an yi ruwa, kowa ya fita ya duba inda ruwa ke bi a gidansa. Ran darasi na gaba malam zai tambaya.